Yadda Ake Cire Fenti da Kurom Daga Ƙananan Motocin Roba Ba Tare da An Narkar da Bodi Ba

Masu haɗa ƙananan motocin roba, irin waɗanda ake sayarwa gutsi-gutsi a cikin kwali, sun san cewa a wajen fenti aka fi shan kunya. Mutum zai shafe makonni yana gyaran bodi, ranar feshin ƙarshe sai fenti ya zubo ya daskare a gefen ƙofa, ko ya bushe da kaushi, ko ƙurar hunturu ta sauka a kansa tun yana ɗanye. Wani kuma tsohuwar mota ce ta faɗo hannunsa, wadda wani yaro ya laɓta wa fenti da buroshi shekaru da dama da suka wuce, har layin ƙofofi ya toshe. Duk waɗannan suna da gyara. Ana iya mayar da bodin tas, kuma akasarin abin da ake buƙata yana cikin ɗakin girki ko banɗaki ko kemis ɗin unguwa. Sharaɗin ɗaya ne: ka san abin da ke cin fenti, ka kuma san abin da ke cin robar da ke ƙarƙashinsa, don kada garin neman gira a rasa ido.

Wannan aikin sha'awa ya fi kafuwa a Amurka da Japan da Turai, can ne kuma kamfanoninsa suke: Tamiya a birnin Shizuoka na Japan, AMT a Amurka, Airfix a Ingila, Italeri a Italiya. Yawancin motocin ana yin su ne a ma'aunin 1:24, Amurkawa kuma sun fi son 1:25. Ɗauki Volkswagen 1300 Beetle ƙirar 1966 da Tamiya ke yi: motar gaske ta ɗan haura mita 4, ta cikin kwali kuwa kusan santimita 17 ce, da bambarta da marfin tayoyinta masu ƙyalli. A waɗancan ƙasashe akwai ruwan cire fenti da aka haɗa musamman don irin wannan roba, in bodi ya lalace kuma ana iya neman wani. Wanda ke Kano ko Maraɗi kuwa da ƙyar kwalin ya iso hannunsa, ko ta oda ko ta hannun ɗan'uwa mai dawowa daga tafiya. Bodi ɗaya gare shi. Saboda shi ne na fi matsawa kan abubuwan da ba sa taɓa roba, ko da aikin awa biyu zai koma na kwana biyu.

Sunan robar polistirin. Ita ce dai ake hurawa ta zama farin soson nan mara nauyi da ake tokare sabuwar talabijin ko firji da shi a cikin kwali. Wanda ya taɓa jefa gutsuren soson a fetur ya ga yadda yake narkewa nan take ya koma danƙo. Abin da fetur ke yi wa soso shi zai yi wa bodin motarka, sai dai a hankali: fuskar ta yi laushi, rubutun jikinta ya shafe, rufin ya lotsa. Haka tina take, haka asiton da ke cikin ruwan goge jan farce, haka ruwan cire fenti da masu fentin get da masu gyaran bodin motar gaske ke amfani da shi. Kananzir ba ya cire busasshen fenti, jiƙa roba a cikinsa kuma yana iya sa ta tsattsage. Gam ɗin da ake haɗa motar da shi ma ɗan gidansu ne. Tamiya Extra Thin Cement, alal misali, haɗin asiton ne da butil asitet, kuma yana riƙewa ne ta hanyar narkar da fuskokin roba biyu su zama ɗaya. Don haka duk ruwan da warinsa ya yi kama da na gam, ka nisanta shi daga bodi.

Akwai wani gidan dabam da polistirin ba ta damu da shi ba: sodar da ake sabulu da ita, da bilic na wanki irin su Hypo da Jik, da maganin wanke maiƙon obin. Waɗannan suna ƙona fata, suna makantar da ido, amma roba tana iya kwana a cikinsu ta fito lafiya. A tsakanin gidajen biyu akwai sifirit da Dettol da man birki, masu aiki sosai amma masu buƙatar sa ido. Da gidan soda da bilic ake farawa, sai ya gaza a matsa zuwa na tsakiya.

Kafin komai ya taɓa bodi, ka yi gwaji. Sassan mota suna zuwa ne manne da wani firam na roba, wanda yawanci ake zubarwa bayan an yanke su. Kada ka zubar. Robarsa ɗaya ce da ta motar, daga zubi ɗaya suka fito. Yanki ɗan guntu ka jefa a ruwan da kake son amfani da shi, ka bar shi iya lokacin da bodin zai yi. In ya fito ka danna shi da farce ka ga ko ya yi laushi, ka lanƙwasa shi ka ga ko zai ɗan yi fari ya tanƙwaru kamar yadda ya saba, ko zai karye ƙas. Wanda ya karye ƙas ya gaya maka abin da zai faru da sandunan da ke riƙe da rufin motarka. Sannan ka raba motar gwargwadon iko: gilasai gefe, tayoyi gefe, duk wani ƙarfe irin na sandar taya ko sukurori gefe. Sitika da bodifila duk za su tafi tare da fenti, ka sa wannan a ranka tun yanzu.

Kurom

Kurom ya fi sauƙi, kuma shi ya fi ba sabon hannu mamaki. Abin da ke ƙyalli a jikin bamba da marfin taya na cikin kwali alminiyum ne. A masana'anta ana fara shafe firam ɗin da banish mai sheƙi domin fuskar roba ta yi sumul, sannan a sa shi cikin wani ɗaki da aka zuƙe iskarsa, a zafafa alminiyum har ya zama tururi ya sauka a kan banish ɗin. Kaurin abin da ya sauka bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. Wannan dabarar ce ke sa cikin ledar biskit yake ƙyalli. Wasu kamfanoni suna ƙara wani banish ɗin a sama don kada ya goge. Ke nan hawa biyu ne, wani lokaci uku, kuma kowane hawa da abin da ke cire shi.

Mai karatu zai ce, me zai sa a cire abin da ya zo da kyansa? Na farko, gam ba ya kama kurom, domin ba ya kaiwa ga roba. Na biyu, inda ɓangarori biyu na abin zubi suka haɗu sukan bar wani siririn layi a jikin bamba, kuma ba halin goge shi ba tare da an ɓata ƙyallin ba. Inda aka yanke sashen daga firam ma sai ka ga tabon roba tsirara. Banish ɗin kuma in ya yi kauri yakan cike ramukan raga da kawunan notina. Kwalayen Amurka, musamman tsofaffin na AMT, sukan zo da kafireto da wasu kayan inji a firam ɗin kurom, alhali a motar gaske ƙarfe ne mai dishi-dishi. Amma ban ga dalilin tuɓe komai ba. Marfin tayar Beetle ɗin nan, in ba shi da tabo a inda ido ke gani, a bar masa ƙyallinsa na masana'anta, don da wuya a maimaita irinsa a gida. Inda gam kawai zai taɓa, a kankare wurin da bakin reza, shi ke nan.

Wanda za a tuɓe, a zuba masa bilic tsurarsa, ba sirki, a ƙaramin mazubin roba. Bilic na gida yawanci ƙarfinsa tsakanin kashi 3 ne zuwa 6 cikin ɗari, kuma ya isa. Sassan sukan yi iyo a sama, kumfar iska kuma takan maƙale a lungunansu ta hana ruwan shiga, don haka a riƙa juya su da tsinke. A kan idonka ƙyallin zai fara dusashewa daga gefe, wani cikin 'yan mintuna, wani sai ya kai awa. Bilic da ya daɗe a buɗe ko ya sha rana ya rasa ƙarfi, sai a nemo sabo. In awanni sun wuce babu abin da ya canja, to akwai banish a saman alminiyum ɗin da ya tsare shi, sai a koma ga soda. Akwai kuma kurom na gaske, irin na tambarin motar hawa, wanda ake yi da lantarki hawa-hawa, jan ƙarfe da nikel da kurom. Wannan bilic da soda ba sa ɗaga shi, kada a ɓata lokaci.

A nan ne da yawa suke tsayawa, suna zaton sun gama. Bilic alminiyum kawai yake ci. In ka ɗaga sashen a haske za ka ga yana sheƙi fiye da sauran roba, wani lokaci da ɗan ruwan ɗorawa-ɗorawa a lunguna. Banish ɗin ƙasa ne, yana nan daram, kuma shi ne ya cike ramukan da kake son buɗewa. Soda ce ke sassauta shi. A jiƙa daga awanni kaɗan zuwa kwana ɗaya, a goge da tsohon buroshin haƙori. Wanda ya yi taurin kai a lungu, a ɗauraye sashen da kyau, a busar, a jiƙa shi a sifirit na ɗan lokaci, a sakace da tsinke.

Haɗa ruwan soda yana da ƙa'ida, kuma masu yin sabulu sun fi kowa saninta. Ruwan sanyi ake fara zubawa, sannan a riƙa barbaɗa soda a hankali ana juyawa da itace ko cokalin roba. Ba a zuba ruwa a kan soda, domin zafin da ke tashi yana iya sa ta tafasa ta fallatso fuska. Giram 50 a lita ɗaya ya wadatar, wato kimanin cokali uku na cin abinci. Ruwan zai ɗau zafi da kansa, a bar shi ya huce sarai kafin roba ta shiga. Mazubin ya zama roba mai kauri, wadda a gindinta aka buga lamba 5 ko 2 a cikin alamar nan mai kusurwa uku. Gorar ruwan sha mai lamba 1 soda tana cin ta a hankali. Tukunya ko kwanon alminiyum kuwa haramun ne a wannan aiki: abin da soda ke yi wa ƙyallin bamba shi za ta yi wa tukunyar, ta huda ta, ta kuma fitar da iskar haidirojin mai kama wuta. A ɗora marfi, amma kada a datse shi gam.

Wanda bai son taɓa garin soda yana da mafita. Maganin wanke obin mai ƙarfi, irin Easy-Off mai ruwan ɗorawan gwangwani da Amurkawa suka fi yabawa, ko na Mr Muscle, sodar ce a cikinsa an mayar da ita kumfa. Haka ruwan wanke maiƙo mai launin shunayya irin Super Clean da Purple Power. Duba bayan gwangwani ka tabbatar akwai soda, domin akwai samfurin da ake yi mara wari wanda ƙarfinsa bai kai ba. Ana fesa kumfar ne a waje, iska tana bayanka, a jefa kayan cikin leda mai kauri a ƙulle bakinta. In kumfar ta bushe ta daina aiki, amfanin ledar ke nan.

Fenti

Fenti ya fi kurom rikici, domin iri-iri ne, kuma tsohuwar mota ba ta zuwa da takardar abin da aka shafa mata. Gida uku ne manya. Akwai fentin mai, wato inamel, irin na Humbrol mai ƙananan gwangwanaye na mililita 14 da na Testors. Akwai akirilik, irin kwalaben Tamiya masu lambar X da XF da na Vallejo. Akwai kuma fentin tina mai saurin bushewa, irin gwangwanin feshi na Tamiya mai lambar TS, da Mr. Color, da yawancin fentin motar gaske. In ba ka san wanne ne a gabanka ba, jiƙa auduga da sifirit ka goga a wurin da ba a gani, kamar ƙarƙashin bonet. Wanda ya biyo auduga nan da nan akirilik ne. Wanda ya ɗan yi laushi bayan an daɗe ana gugawa, alamar fentin tina ce. Wanda ko gezau bai yi ba, yawanci fentin mai ne.

Fentin mai abincin soda ne, kuma dalilin yana da daɗin sani. Abin da ke riƙe da launinsa daga mai aka yi shi, soda kuwa in ta haɗu da mai sabulu take mayar da shi, kamar dai yadda take yi a tukunyar mai yin sabulu. Da zarar mariƙin ya zama sabulu, launin ba shi da abin kamawa. A nutsar da bodin gaba ɗaya, in yana tasowa a danne shi da cokalin roba. Fenti mai hawa ɗaya yakan saki cikin 'yan awanni. Wanda aka laɓta hawa uku ko huɗu yana iya neman kwana biyu, kuma sau da yawa sai an cire, an goge, an mayar. Za ka ga ya yamutse yana ɗagowa falle-falle. Baƙin fenti mara sheƙi da fentin shimfiɗa, wato wanda ake fara fesawa kafin launi, sukan fi taurin kai.

Akirilik ba ya wahalarwa. Sifirit yana ɗauke shi cikin mintuna, na Tamiya kuma har ruwan goge gilashi mai amoniya irin Windex yana wanke shi.

Fentin tina shi ne mai gardama. Soda takan kwana a kansa ta tashi ba ta yi komai ba. Maganinsa sifirit mai ƙarfi, nau'in isofirofil mai kashi 91 cikin ɗari ko sama da haka. Mai kashi 70 ruwa ya yi masa yawa, ba ya ja. A jiƙa a mazubi mai marfi don kada ya tsere, a riƙa dubawa duk bayan awa ɗaya ko biyu, a goge abin da ya saki tun yana cikin ruwan, domin da zarar bodin ya sha iska fentin da ya yi laushi yakan sake ƙanƙamewa. Sifirit yana kama wuta fiye da yadda ake zato, kuma harshen wutarsa da ƙyar ake gani da rana. A nisanta shi daga risho da gas da janareta da taba. Wani abu kuma da ya kamata a sani tun kafin a fara: in an fesa fentin motar gaske kai tsaye a kan roba ba tare da shimfiɗa ba, tinar da ke cikinsa ta riga ta ci fuskar robar. Bayan an tuɓe za a tarar da ita da ƙananan tsagogi. Ba ruwan jiƙon ne ya yi ba, kuma samfefa ce kawai gyaransa, lamba 600 sannan 1000, da ruwa. Fentin da ake haɗa wa hadna kuwa, in ya riga ya ƙanƙare, babu abin gida da ke narkar da shi ya bar roba. Nan ma sai samfefa da haƙuri.

Dettol na asali, mai ruwan ƙasa-ƙasa, masu fentin ƙananan mutum-mutumi a Birtaniya sun daɗe suna amfani da shi, kuma shi ne abin da ya fi sauƙin samu a kowane kemis namu. Akwai man itacen pine da isofirofil a cikinsa, su ke aikin. Yana ɗaga akirilik da fentin mai cikin kwana ɗaya. Sirrinsa guda: kada ruwa ya taɓa bodin sai an gama goge fentin kakaf a cikin Dettol tsura. In ruwa ya riga ya shiga, fentin ya koma danƙo mai kama buroshi da yatsu, aikin ya ninka. Warinsa yana daɗewa a roba, kuma ban son a bar bodi a ciki fiye da kwana ɗaya ba tare da an duba ba.

Man birki na ajiye shi ƙarshe da gangan. DOT 3 da DOT 4 suna cin kusan kowane fenti, kowane bakanike ya san abin da suke yi in suka ɗiga a jikin mota. Amma suna iya busar da polistirin ta yi gautsi, kuma ba a ganin illar sai ranar da aka ɗan matsa rufi ya tsage. Tsohuwar roba ta fi shiga wannan haɗari. A ganina ba a kai masa sai komai ya gaza, bayan gwajin firam, kuma awanni kaɗan a lokaci guda. DOT 5 na silikon ne, ba ya cire fenti, kuma ragowarsa tana hana sabon fenti zama.

Wajen gugar ne ake yawan yin ɓarna. Buroshin haƙori da tsinken sakace sun isa. Wuƙa da allura suna barin zane a roba, zanen kuma sai ya fito ƙarara a ƙarƙashin sabon fenti. Abin da bai saki ba a mayar da shi jiƙo, kada a yi masa dole. A tallafe rufin da yatsu ta ciki lokacin da ake gugawa. A yi gugar a cikin ruwan ko a ƙasan baho, gashin buroshi yana kallon nesa da fuska, domin ɗigon soda ɗaya da buroshi ya harba ya isa ya lalata ido. A yi aikin a kan baho, ƙananan sassa kuma a ɗauraye su a cikin rariyar roba, in ba haka ba madubin gefe da hannun ƙofa su bi ruwa.

Ɗumi yana taimakon soda, shi ya sa aikin ke ja da safiyar hunturu. Amma kada wannan ya sa a zuba tafasasshen ruwa, ko a ajiye mazubi a tsakar rana lokacin bazara. Polistirin tana laushi ne a kusan digiri 100, sirara kuwa suna fara karkacewa tun kafin a kai nan, kuma bodin da ya karkace ba ya sake zama daidai a kan shasi. Inuwa mai iska ta wadatar.

Gilasai su ma polistirin ne, sai dai irin wadda ta fi gautsi. Sifirit mai ƙarfi da man birki suna iya sa su hazo ko tsagewa, don haka in fenti ya taɓa su ruwan soda ne ya fi aminci, na ɗan lokaci. Tayoyi sabulu da ruwa kawai suke so. In akwai sassan rezin da aka sayo dabam, sifirit da man birki suna mayar da su kamar cingam. Motocin ƙarfe irin Hot Wheels da Matchbox wani babi ne dabam, domin ƙarfensu na zinki ne kuma soda tana cin sa.

Bayan an gama, a wanke bodin da sabulun wanke-wanke da ruwa mai ɗan ɗumi, a bi layin ƙofofi da bonet da buroshi, a ɗauraye sau biyu ko uku. Ragowar soda takan bushe ta zama farin gari a lunguna, ta ɓata sabon fenti daga ƙasa. In yatsa yana jin santsi, ba a gama ɗauraya ba. A kife shi a wurin da ƙura ba ta shiga, ya kwana ya wuni. Farar roba takan riƙe ɗan launin tsohon fenti, musamman ja. Wannan rini ne da ya shiga jiki, ba ya hana komai, fentin shimfiɗa zai rufe shi. A fesa shimfiɗar sirara, ita za ta nuna duk inda tsohon fenti ya ɓuya.

Bambar da aka tuɓe, bayan an goge layin zubinta, ana mayar mata da ƙyalli ta hanyar fesa baƙin fenti mai sheƙi, in ya bushe sarai a bi shi da fentin kurom irin Alclad II, kaɗan-kaɗan. Ƙananan wurare kuma alƙalamin Molotow Liquid Chrome ya isa, amma a ba shi kwanaki kafin a taɓa. Kyan ƙyallin yana bin santsin baƙin da ke ƙasa.

Saura abin da ya fi motar muhimmanci. Kowane ruwa da mazubinsa, kuma a ɗauraye kaya tas kafin su tashi daga wani zuwa wani. Bilic ba ya haɗuwa da komai. In ya gamu da amoniya ta ruwan goge gilashi, ko da ruwan wanke masai mai asid irin Harpic, iska mai guba ce ke tashi, kuma a ɗaki rufe tana iya kisa. Da sifirit ma ba a haɗa shi. Safar hannu ta roba da tabarau mai rufe gefen ido dole ne duk lokacin da soda ke waje. In ta taɓa fata a wanke da ruwa mai yawa. In ta shiga ido a yi ta kwarara ruwa aƙalla minti 20, sannan a tafi asibiti ko da zafin ya lafa.

Ruwan soda ana iya tace shi a sake amfani da shi sau da dama. Ranar zubarwa a sirka shi da ruwa mai yawa a zuba a masai, ba a kwatar da yara da kaji ke bi ba. Man birki a kai wa bakanike. Ruwan soda da ido ba a bambanta shi da ruwan sha, kuma yaron da ya kurɓe shi maƙogwaronsa ne ke ƙonewa, wani har ƙarshen rayuwarsa ba ya sake haɗiye abinci yadda ya kamata. Ɗan'uwa, don Allah kada ka zuba shi a gorar ruwa ko kwalbar lemo, ko na minti biyar ne. Ka rubuta sunansa a jikin mazubin, ka rufe, ka ɗora a inda hannun yaro ba ya kaiwa.